Ranar Da Hajja Ta Kira Sunana

"Wallahi ba inda za ni!"

Na faɗa tare da tura akwatin da ƙafa, ya koma ƙarƙashin gado inda Nu'man ya jawo shi.

Mijina ya tsaya yana kallona, zannuwana a hannunsa. Har lokacin ƙamshin yaji da hayaƙin soyar jiya, wato tsiren da yake gasawa, bai bar rigarsa ba.

"Naji... haba Naji. Wata takwas ke nan fa. Matan unguwar nan ta Briqueterie sun fara yi da ni, wai na riƙe 'yar mutane, na hana ta zuwa goyon ciki gidansu."

"Su yi ta yi! Bakinsu ne."

"Unguwar Ekoudou ce fa, ba Makka ba. In na tsaya bakin tukubata na yi tari, kina ji daga can."

"To ka yi tarin ina nan, na fi ji sosai."

Ya yi dariya, ni kuwa na ƙara haɗe rai. Na zauna bakin gado na tallafe cikina, ƙafafuna sun kumbura suntum, hawaye na neman kunyata ni.

Bari in gaya muku abin da ya sa na kafe, kada ku ce ni fitinanniya ce, ko da yake akwai masu faɗa.

Ni 'yar fari ce. Kakanninmu 'yan kasuwa ne da suka zo daga Kano tun Yawunde ba ta zama Yawunde ba, kuma al'adar da suka taho da ita sun riƙe ta fiye da waɗanda suka baro a can. A gidanmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta yi masa wasa, ba ta kallonsa a gaban mutane, wai kunya. Ana yaye ni aka miƙa ni ɗakin kakata, Inna. Ita ta goya ni, ita ta yi min kitso, ita ta yi kuka ranar da aka kai ni ɗakin miji. Bara Allah ya karɓi abarsa.

Sai aka bar ni da Hajja Karimatu, wadda ta haife ni.

Tunda nake, ban taɓa jin kalmar "Najiba" ta fito daga bakin matar nan ba. Ni ce "ke", ni ce "waccan", in ta ji daɗi ni ce "yarinyar Inna". Amma ƙanwata? Tun asuba ake fara kiranta. Zuhura zo, Zuhura tafi, Zuhura kin ci, Zuhura Allah ya yi miki albarka! Na san al'ada ce, an gaya min ya fi a ƙirga. Amma sani daban, zuciya daban. Abin yana min ciwo tun ina yarinya, kuma da na yi ciki sai ciwon ya ninka.

"Wa zai riƙe min hannu a can?" na ce wa Nu'man. "Da Inna na nan, da tun wata bakwai na tattara na tafi. Amma Hajja? Ko mutuwa nake yi, sai dai ta ce Zuhura je ki duba waccan."

Ya ajiye zannuwan, ya durƙusa a gabana, ya kama ƙafafuna yana matsawa a hankali.

Shi ɗan Garwa ne, Hausarsa da ɗan karin Fulatanci. Lokacin da na aure shi akawu ne a wani kamfani, da farar riga da takalmi mai sheƙi. Sai shekarun nan da ake kira la crise suka danno, aka rage albashi, aka karya darajar kuɗin sefa, wata safiya aka sallame su. Bai kwanta yana kuka ba. Ya ninke farar rigar, ya kafa tukubar soya a bakin titi, yanzu tsoffin abokan ofishinsa ne ke layi a gabansa. Ban taɓa son sa kamar ranar da ya dawo da ƙuna a yatsa yana min murmushi ba.

"Hasken idona," ya ce, "ni da tawa uwar na raye, ko 'kai jaki' take ce min, da gudu zan je."

Mutumin nan ya san inda yake kama ni.

"Kuma in ba ta kira ki ba, ni zan riƙa zuwa ƙofar gida kullum ina kwaɗa miki kira. Najiba! Najiba! Har maƙwabta su kai ƙarata."

"Ka rufa min asiri!"

"To tashi ki shirya."

Na tashi, amma sai da na sa ya yi alkawarin kawo min soya mai kitse kowace yamma.

Zamana a Ekoudou kuwa, in ba don haushi ba, abin dariya ne.

Mu uku ne a gidan tunda Baba ya rasu. Sai mu zauna a tabarma ɗaya, gwiwata na kusan taɓa ta Hajja, amma sai ta juya ta ce, "Zuhura, ki ce wa waccan ta daina zama a dandaryar siminti, sanyi na kama mai ciki."

Zuhura, shaiɗaniyar yarinya, sai ta juyo da fuskar arziki. "Yaya, wai in ji Hajja..."

"Na ji! Ba kurma ba ce ni."

"Hajja, wai ta ji, ba kurma ba ce ita."

"Allah ya shirye ki," in ji Hajja, tana ɓoye dariya a bakin mayafi.

Cinikin atamfar Hajja ya mutu murus, don wa ke ɗinka sabon zane ana neman na garin rogo? Amma duk da haka ranar da na ambaci gasasshen safu, ɗan itacen nan na kudu, da ayaba, ina magana da Zuhura ce fa, da yamma sai ga shi a takarda da zafinsa.

"Zuhura, wata ce ta ba ni wannan a hanya, ni ba na ci. Ki ba mai so," in ji Hajja.

Na cinye tas, har da siɗe yatsa. Amma zuciyata ta ƙi sauka. Ni ba safu nake nema ba. So nake matar nan ta dube ni ido cikin ido, sau ɗaya tak, ta kira ni kamar yadda ake kiran 'ya.

Ranar da abin ya zo, da safe ne, sama ta yi baƙi ƙirin. Zuhura ta saka kayan makaranta ta fice. Ina shara a tsakar gida na ji wani abu ya ɗaure min baya, ya zagayo mara, ya matse kamar ana murɗa wanki. Na dafa bango har ya sake ni.

Na san ko mene ne. Amma na ce a raina, tunda ba ta iya kirana, ni ma ba zan kira ta ba. Mu gani wa zai fara.

Kun ji wauta ko? To haka na yi.

Na ci gaba da shara. Na wanke kwanuka. Ciwon ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo, kowane zuwa ya fi na baya mugunta. In ya taso sai in sunkuya kamar ina neman wani abu a ƙasa, in cije leɓe, gumi na bin wuyana.

Hajja na zaune bakin murhu tana tsince shinkafa. Ba ta ɗago ba, amma na lura tsakuwa take zubawa a tukunya, shinkafar tana watsa wa kaji.

Babu Zuhura, babu ɗan aike. Sai ta dubi wata kaza ta ce, "Wanda ya ɓoye ciwonsa dai, ciwo ba zai ɓoye shi ba."

Na dubi kazar ni ma. "Wanda ba a tambaye shi ba, me zai ce?"

Kazar ta yi gaba abinta.

Can kuma Hajja ta ce wa tukunya, "Akwai rubutu a kofi a bakin taga. Mai buƙata ya sha."

Na je na sha, don ni ma tsoro ya fara kama ni. Ina ajiye kofin na ji wani abu ya fashe, ruwa mai ɗumi ya biyo ƙafafuna shaaa. Na durƙushe a nan, na saki ƙarar da ban san ina da ita ba.

"Wayyo Inna! Inna ki zo!"

Sunan matacciya na kira, ga mai rai a gabana.

Na ji faɗuwar tiren shinkafa. Kafin in ɗago, hannuwa biyu sun tallafo ni ta baya, masu ƙarfi, masu ƙamshin hayaƙi da turaren wuta. Rabon da hannuwan nan su taɓa jikina, ban ma san ranar ba.

"Faya ce ta fashe," ta ce. "Ke... tun yaushe?"

"Tun safe..."

"Innalillahi! Tun safe? Taurin kan nan naki, wallahi..."

"Gado na yi!"

Ta kai ni ɗaki, ta canja min zane, ta jawo jakar da muka daɗe da haɗawa. A shekarun nan in za ki haihu a asibiti, sai kin tafi da komai naki, safar hannu, auduga, reza, har zaren ɗaure cibiya. Ta yafa mayafi a karkace ta fita neman tasi, daidai lokacin da ruwan sama ya ɓalle.

Wanda ya san lungunmu ya san in an yi ruwa jan laka ne har idon sawu, ba direban da zai shigo da motarsa ko da za a ba shi duniya. Na kwanta ina juyi, ina kiran sunayen Allah, ina zagin Nu'man a tsakani, don ai shi ya ja min.

Daga baya ne ya ba ni labarin abin da ya faru. Yana dawowa ke nan daga mayankar Etoudi a tsohuwar motar abokinsa Garga, suna sauke nama a bakin tukuba, sai ya ga mace ta tunkaro shi cikin ruwa, ba takalmi a ƙafa ɗaya. Surukarsa! Matar da in ya zo gaishe ta sai ya cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa a bayan labule, ta amsa daga ciki ba su ga juna ba. Ita ce ta tsaya a gabansa a tsakiyar titin Brik, wato Briqueterie, ta kama hannun rigarsa.

"Ka taso! Yarinyar nan za ta haihu!"

Ya ce don ruɗewa sai ya durƙusa cikin laka ya fara gaishe ta.

"Hajja ina kwana, an tashi lafi..."

"Kai, tashi! Ana ga wuta kana ga gaisuwa!"

Haka aka ɗauke ni a motar nama. Ni a baya, kaina a cinyar Hajja, Nu'man a gaba ya juyo gaba ɗaya yana kallona, ƙafafun shanu guda huɗu na kaɗawa a bayan kujera. Ashe ya saye su ne don ƙaurin jegona, wai yana shiri da wuri.

"Naji, sannu... ma chérie, yi haƙuri... numfasa, Naji!"

"Ka yi min shiru! Kai ne ai!"

"Ni ne, wallahi ni ne. Na karɓi laifina."

"Ba zan ƙara ba! Na rantse ba zan ƙara ba!"

"Kada ki ƙara, wannan ma ya isa."

Garga ya ƙunshe dariya har motar na kaucewa. Hajja ta kau da kai tana kallon taga kamar ba ta jin Hausa. Amma tafin hannunta yana kan goshina, yana share min gumi, bai ɗaga ba har muka isa.

Wani ƙaramin asibitin haihuwa ne a kan tudu. Ungozomar wata ƙatuwar mata ce 'yar kudu, mai murya kamar ganga, ta daɗe da matan Brik har ta tsinci Hausa. Ta duba ni ta tafa hannu.

"Mon Dieu! Ku matan Brik, sai kan yaro ya leƙo kuke zuwa! Monsieur, waje! Mama, ke shigo ki riƙe ta."

Hajja ta tsaya a bakin ƙofa. Na ga ƙafarta ta ɗaga, ta koma.

"Madam... 'yar fari ce. Ba a yi."

"Ba a yi me?"

"Uwa ba ta tsayawa."

Madam ta ɗaga kafaɗa ta rufe ƙofar. Ni kuwa na juya fuskata bango na fashe da kuka, ba kukan naƙuda ba. Abin da na gaya wa Nu'man ke nan tun farko. Ga shi ya tabbata.

Daga nan ban ƙara sanin lokaci ba. Na san dai ruwan sama ya tsaya, na ji kiran azahar daga nesa, na ji na la'asar. Ciwon ya daina tafiya yana dawowa, ya zauna daram. Kamar ana raba ƙashin bayana gida biyu. Na durƙusa, na kwanta, na kama ƙarfen gado har tafina ya yi ja. Madam na ta faɗa, "Pousse! Yi nishi! Encore!" Ina yi, ina yi, amma kamar ina tura bango.

Can sai na ji ƙarfina ya tsiyaye. Wani sanyi mai daɗi ya fara rufe ni, muryar Madam ta koma can nesa kamar daga ƙasan rijiya. Na ce a raina, bari in ɗan yi barci. Inna ma tana can, ita ba ta jin kunyata.

Na ji ana marin kumatuna. Na ji an buɗe ƙofa da ƙarfi.

"Mama! Zo nan, maza! Yarinyarki ta daina nishi, yaro ya gaji a hanya. Ba ta jin muryata. Ki yi mata magana!"

Takun ƙafa ɗaya da takalmi, ɗaya babu. Ƙamshin turaren wuta. Hannu ya kama nawa.

"Ke... ke, buɗe ido."

Ban buɗe ba. Ba taurin kai ba ne wannan karon, wallahi ba zan iya ba ne.

"Ke yarinyar nan..."

"Mama, ba ta da suna ne?" Madam ta daka tsawa. "Kira ta!"

Sai na ji goshi ya sauka a kan nawa, ruwa mai zafi na ɗiga a fuskata.

"Najiba."

A hankali ta faɗe shi, kamar mai ɗanɗana abin da ta daɗe tana ajiya.

"Najiba... Najibata! Ki tashi, don girman Allah ki tashi. Ni na zaɓa miki sunan nan, ni na raɗa wa babanki. Kullum sai na faɗe shi a sujada, ke ce ba kya ji. Kada ki tafi ki bar ni, Najiba, ban gama kallonki ba!"

Jama'a, ban san daga ina ƙarfin ya zo ba. Na buɗe ido, ga fuskar Hajja dab da tawa, idanunta jajir, tana kallona kai tsaye. Ashe idanunmu iri ɗaya ne.

"Hajja... sake faɗa."

"Najiba! Yi nishi, 'yar albarka!"

Na damƙe hannunta, na tattaro duk abin da ya rage a jikina, na yi wani nishi tare da ihun da Nu'man ya ce har masu tasi a bakin titi sun ji. Na ji kamar an tsaga ni, sai kuma wani abu mai santsi da ɗumi ya sulluɓo, duniya ta yi min sakayau.

Sai shiru.

Ban ji kuka ba. Na ga Madam ta juya baya tana murza wani ɗan abu da tawul, tana magana ƙasa-ƙasa da Faransanci. Hajja ta matse hannuna har yatsuna suka yi ƙara, bakinta na motsi.

Sai ga wata 'yar murya, siririya, mai masifa. "Inyaaa!"

"C'est une fille!" in ji Madam tana dariya. "Mace ce, kuma da faɗa ta zo, kamar uwarta!"

Aka ɗora min ita a ƙirji, jajir da ita, gashi kwance luf, tana ta wutsil-wutsil da 'yan yatsu. Na yi kuka, na yi dariya, na rasa wanne zan riƙe. Duk azabar nan sai ta zama kamar labarin da wata ta ba ni.

Da aka gyara mu aka bar Nu'man ya shigo, wandonsa duk laka. Ya tsaya a kanmu. Ya karɓi jaririyar da hannuwan nan masu tabon wuta, ya yi mata kiran salla a kunne. Sannan ya sunkuyo.

"Sannu, rabin raina. Useko... na gode. Har yanzu ba za ki ƙara ba?"

"Ka tambaye ni baɗi."

Na waiga in ga ko Hajja ta ji, ashe tuni ta sulale waje.

Kwanakin jego kuwa, Allah ya sa kowace mace ta samu irinsu. Safe da yamma Hajja na tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganye ta riƙa fyaɗa min, ina ihu tana cewa ragwanta ce. Kunun kanwa har sai na ce na tuba. Ƙafafun shanun nan da suka raka ni asibiti suka dawo cikin kwano da yaji, na ci har ina gumi. Nu'man kullum yana zaure da ƙunshin soya, yana aiko Zuhura ta ɗauko masa 'yarsa.

Sai dai abu ɗaya. Muna dawowa gida, Hajja ta koma gidan jiya.

"Zuhura, ki ce wa mai jego ruwa ya yi."

Na samu ƙarin girma dai, daga "waccan" na koma "mai jego". Na ce wa kaina ba komai, na ji sau ɗaya, kuma na ji dalili. Amma ɗan Adam ba ya ƙoshi, wanda ya ɗanɗana zuma ba ya mance ta.

Ga kuma tsofaffin unguwa masu zuwa barka. Da sun shigo sai su zuba min ido, su ga ko zan yi kara. Dole in ajiye jaririyar can gefe, in kau da kai, in ta yi kuka in yi kamar ban ji ba sai an ce, "Haba, ɗauke ta mana." Ina yi, amma raina na ƙuna. Wato ni ma haka zan yi mata? Ta girma tana leƙen bakina?

Ana gobe suna da yamma, Nu'man ya zo. Ya cire takalmi, ya durƙusa a bayan labulen ɗakin Hajja kamar yadda ya saba. Ina ciki ina shayarwa.

"Hajja, dama shawara na kawo. In kin yarda, gobe sunanki za a raɗa wa yarinyar nan. Karimatu. Abin da kika yi mana, ba mu da abin biya."

Karamci ne babba, kowace kaka na jiran sa, ni ma na san ta cancanta. Amma in aka sa mata sunan mahaifiyata, shi ke nan, bakina ba zai taɓa furta shi ba har abada. Sai dai Ummi, sai dai Mama. Na sunkuyar da kai.

Hajja na ta jan carbi, tana kallon jaririyar a hannuna.

"Na gode, Allah ya yi maka albarka," ta ce. "Amma ban karɓa ba."

"Hajja... ko mun yi laifi ne?"

"Ba ku yi ba. In Allah ya kawo ta biyu, ina so, har rigima zan yi in ba a sa ba. Wannan dai ka sa mata sunan da uwarta za ta iya kira." Ta ɗan tsaya, ta gyara murya. "Na san nauyin suna a baki in an hana shi fita. Ba na so ta ɗauka."

Bayan labule na ji Nu'man na jan hanci. Ni kuwa hawayena na sauka a kan gashin 'yata, na kasa ɗagowa.

Washegari da safe maza suka taru a ƙofar gida, aka raba goro, aka yi addu'a, aka yanka rago. Zuhura ta shigo da gudu tana guɗa.

"Saliha! Sunanta Saliha!"

Tsakar gida cike da mata, tsofaffi a kan tabarma, ana ta miƙa jaririya hannu zuwa hannu. Da ta gaji da yawo sai ta callara kuka. Aka zuba min ido, ana jiran in kau da kai.

Na miƙa hannuwana biyu.

"Ku ba ni ita. Zo nan, Saliha... Salihata, yi shiru, ga ni."

Wata tsohuwa ta riƙe haɓa.

"La'ilaha! 'Yar fari? A gaban mutane? Hajja, kina ji kuwa? Yaran zamani ba kunya!"

Hajja na bakin murhu tana juya tuwon suna, ta ba mu baya. Na ga muciyar ta tsaya. Kowa na jiran ta yi min faɗa ta bakin Zuhura.

Ta juyo, ta share hannu a zane. Fuskarta ta yi ja kamar amarya, amma ba ta sunkuyar da kai ba.

"Ku bar ta, ni na sa ta," ta ce. Sannan ta dube ni, a gaban duk matan Ekoudou da na Brik. "Najiba, in kin gama ba ta nono ki miƙo min ita. Ruwan wankanki ya tafasa."

"Na'am, Hajja," na ce. "Ina zuwa."

Ban tashi da wuri ba. Na zauna abina ina jijjiga Saliha, ina jira ta gaji ta sake kira.